Nomau da Alewar Sallah

A Gangaren Ɗinya, wani ɗan ƙauye da in ka yi atishawa a gabas sai a yi maka addu'a daga yamma, an yi wani bawan Allah ana ce da shi Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi, ga zuciya fara tas. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya tsaya a nan, to ko ruwa ake da ƙanƙara, nan za ka dawo ka same shi. Shi ya sa mutanen gari kafin su aike shi sai sun tauna magana sun sake taunawa. Su biyu ne a gida, shi da mahaifiyarsa Inna Gambo, sai akuya guda. Yana da yaya mai suna Lantana, tana aure a birni tana sana'ar ɗinki. Ita ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "ta birni".

Lantana 'ya'yanta uku: Rumasa'u babba, Mudassir, sai auta Walida. Kowace Sallah takan kawo su ƙauye, ta bar su su yi hutun makaranta ta koma. Waɗannan kwanakin su ne shekarar Inna da Nomau gaba ɗaya. Duk garin nan kowa "Nomau zo in aike ka" yake cewa, yaran nan ne kaɗai ke cewa "Kawu zo mu yi wasa". Ranar da za su tafi kuwa, bayan rumbu yake zuwa ya yi kukansa.

To ƙaramar Sallar bana, kai jama'a! Yara suka ci ado suka fita yawon barka da Sallah. Jikokin Inna Gambo ne, 'yan birni, wa zai bar su su fita hannu rabbana? Gidan nan alkaki, gidan can nakiya, gaba a cika musu aljihu da cincin, a ƙara da tuwon madara da gullisuwa. Abin da aka ba su na kuɗi kuma suka juye wa mai tireda, suka kwaso minti da biskit. Har buhu suka samu suna tarawa a ƙarƙashin gadon Inna. Kafin Sallah ta wuce ido ya raina fata. Rumasa'u ta riƙe ciki tana juyi a tabarma. Mudassir ya ƙi zama, daga kan katanga sai kan rumbu, sai ka ce an kunna shi. Walida ta riƙe kunci tana kukan haƙori. Tuwo kuwa ko kallonsa ba sa yi.

Ana cikin haka uwarsu ta kira waya, Rumasa'u ta ɗauka ta zayyane mata komai. Lantana ta ce a ba Inna.

Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, amma na kawo yara lafiyarsu ƙalau kun cika musu ciki da zaƙi. Ranar Juma'a ta sama ina nan tafe. In na same su a haka, wallahi sun yi Sallarsu ta ƙarshe a ƙauye."

Inna ta ajiye waya ta yi tagumi, hawaye na bin kumatunta. Nomau ya matso kusa da ita. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki faɗa mini abin da zan yi, in ban yi ba ki sake mini suna." Inna ta yafa mayafi ta tafi wurin Malama Kubura ta ɗakin shan magani. Malama ta ce abin ba na allura ba ne. A raba su da zaƙi, su sha ruwa sosai, su ci abincin kirki, su yi guje-guje, a riƙa goge musu baki. Inna ta dawo da ƙarfinta, ta ce aiki ya same su.

Wata rana da sassafe Inna ta jawo buhun nan daga ƙarƙashin gado, ta haɗa da sukarin gida gaba ɗaya, ta ce, "Nomau, ka kai wannan inda hannun yaran nan ba zai kai ba." Nomau ya saɓa buhu ya tsaya yana nazari. Kan rumbu? Ai nan Mudassir yake wuni. Kan bishiya? Biri ma ya sallama wa yaron nan. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan rijiyar tsakar gida, ga ta rani ya janye ruwanta saura ɗan kaɗan a gindi. Ya yi murmushi, ya kwance bakin buhu ya zazzage shi kaf a ciki, ya karkaɗe. Da rana ta yi ya ja ruwa ya ba yara, tunda Malama ta ce su sha. Tirƙashi! Yaran da sai an yi da gaske suke kurɓa, yau ga su suna rige-rigen moɗa.

Walida ta ce, "Kawu, ƙara mini!"

Mudassir ya ce, "Ni bokitin za ka ba ni!"

Inna na gefe tana hamdala, ta ce lallai Malama Kubura ta san aikinta. Sai ga Ilu mai shayi ya shigo neman ruwa. Ya ɗiba ya ɗanɗana, ya zare ido ya ce, "Inna, ki sayar mini da rijiyar nan!" Inna ta karɓi moɗa ta kurɓa, ta furzar, ta ɗora hannu a ka.

"Nomau! Ina buhun?"

"Yana inda hannunsu ba zai kai ba, Inna. Ni ma da nake babba nawa bai kai ba."

Inna ta ce, "Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri!" Ranar Nomau ya wuni yana yasar rijiya, ƙudan zuma na zagaya kansa, ruwan sha kuwa sai daga famfon masallaci aka riƙa kawowa.

Wata rana kuma Inna ta gaji da tsalle-tsallen Mudassir, ta ce, "Ka fita da su su yi ta gudu. Kada ku tsaya sai sun gaji." Nomau ya tattare riga ya ce, "Ku biyo ni!" Suka fita a guje, shi a gaba, su a baya, kaji na watsewa. Suka wuce masallaci, suka wuce makera, suka bi hanyar fadama. Can ya waiwayo ya ce, "Kun gaji?" Suka haɗa baki, "A'a!" Suka tsallake rafi. Ya ɗauki Walida a wuya saboda ƙafarta gajera ce, ya sake tambaya yana haki, "Kun gaji?" Ita da ke zaune a wuya ta fi kowa ɗaga murya, "Ban gaji ba, Kawu!" To ai shi ke nan, an ce sai sun gaji, kuma wadda aka ɗauka ba ta gajiya. Manoma suka ga ƙato na gudu da yarinya a wuya, wasu biyu na bin sa, suka ɗauka wani abu ne ya biyo su, suka yar da fartanya suka rufa musu baya. Mata masu tallan nono suka ga maza na gudu, suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Haka aka shiga kasuwar garin gaba rututu, kowa na tambayar kowa me ya faru.

Da la'asar sai ga amalanken shanu ya tsaya ƙofar gidan Inna. Nomau na kwance a ciki shame-shame, yara na zaune a kansa suna ba shi iska da hula.

Ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni na gaji, su ba su gaji ba."

Inna ta ce, "Zuwa da kai ya fi aike." Amma dai tun kafin a kira isha'i yaran nan sun ɓingire, suka yi barcin da rabonsu da irinsa tun jajiberin Sallah.

Wata rana Inna ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawa da ɗan man shanu, ƙamshi har zaure. Yara suka kalla suka yamutsa fuska. Rumasa'u ta ce ita biskit take so. Inna ta ja Nomau gefe ta ce, "Ka zauna ka ci a gabansu, ka nuna musu daɗinsa. Ka yi ta ci har su roƙe ka." Ta shiga maƙota karɓo tankaɗe. Abin nema ya samu! Nomau ya wanke hannu ya jawo akushi, ya shiga hannu baka hannu ƙwarya. Yana kai loma yana lumshe ido yana cewa, "Wohoho! Kai, Inna, Allah ya ja kwana!" Ya cinye nasa, ya dubi yara, ba su roƙa ba. Ya jawo nasu ya cinye. Ba su roƙa ba. Ya jawo na Inna. Gumi na zuba, ciki ya yi gaba, numfashi sama-sama, amma aiki aiki ne. Ya ɗauko tukunyar da kanta ya kafa a tsakanin ƙafafu. Yara suka matso suna leƙe, suna haɗiyar yawu. Mudassir ne ya fara kasa daurewa.

Ya ce, "Kawu, sam mini."

Nomau ya ce, "Alhamdu lillahi! Da ka ƙara jinkiri da na fashe."

Ya miƙa musu tukunya, ba komai ciki sai ƙanzo. Nan fa aka kaure, wannan ya ja, wannan ya fizge, Walida ta rungume tukunyar miya tana suɗe ta da yatsa. Inna ta dawo ta tarar ba nata ba na kowa, ga jikoki na kukan a ba su tuwo. Ta rasa dariya za ta yi ko zagi, ta haɗa duka biyun, ta sake hura wuta.

Wata rana kuma rigimar asuwaki ta tashi, don Walida ta ce ɗaci, Mudassir ya ce shi sai buroshi, buroshin kuma an manto a birni. Inna ta ɗaure fuska ta ce, "Nomau, daga yau duk bakin da ya ci abinci a gidan nan, kada ya fita sai an goge shi." Nomau ya saro asuwaki dami guda. Ya fara da kansa, ya bi da akuya, ta sa masa ƙaho ya haƙura ya gama. Ana haka sai ga Mai Unguwa ya shigo duba jikin yara. Inna ta kawo masa ɗanwake, ya ci ya yi gyatsa, ya sa albarka ya miƙe. Yana kaiwa bakin ƙofa ya ga mutum ya cika ta, da asuwaki a hannu.

"Ranka ya daɗe, a buɗe baki."

"Kai Nomau, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ka ci ɗanwake."

Mai Unguwa ya dubi ƙirjin Nomau, ya dubi ƙofa, ya ga ba hanya. Ya buɗe baki. Allah Sarki, haƙori biyu ne suka rage, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ko gaisawa ba sa yi. Yara suka zagaye shi suna leƙe. Walida ta ce, "Baba, ina sauran?" Tsoho ya yi dariya ya ce, "Jikata, alewa ta ci rabi, tsufa ya ci rabi." Walida ta taɓa nata haƙoran ta ji suna nan, ta wawuri asuwaki ta hau gogawa kamar ana biyan ta. Inna ta fito da gudu tana ba da haƙuri, ta raka Mai Unguwa har waje tana cewa sai dai a yi ta addu'a.

Yara fa sun fara dawowa hayyacinsu. Ciwon ciki ya tafi, kuncin Walida ya saɓe, Mudassir har yakan zauna a gama tatsuniya. Sai dai maƙota ba su daina ba. Wannan ta aiko da ragowar cincin, waccan ta aiko da dubulan, wai na 'yan birni. Inna kuma in Mudassir ya langaɓe kai ya ce "Haba matata", sai zuciyarta ta narke ta gutsura masa. Da ta ga Juma'a na matsowa, ta kira Nomau ta ce, "Ka zauna a zaure. Duk wanda ya zo da abin zaƙi, ko waye, kada ya shigo da shi. Ko ni da bakina na ce ka bari, kada ka bari, don na san halina." Nomau ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya kafa ya tsare. Ya mayar da 'yan aike. Ya mayar da mai tallan rake. Inna kanta ta je suna ta dawo da alkaki ƙulle a bakin zane, sai da ta kwance ta ba yaran unguwa sannan ta ga tsakar gidanta.

Wata rana, ranar Juma'ar da ake jira, hantsi ya dubi ludayi sai ga ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gida. Lantana ta sauko, fuska a murtuke, ta zo duba laifi. A hannunta ƙatuwar leda, a bayan babur kuma katan guda. Ai ba a zuwa gida ba tsaraba. Nomau kuwa a duniya ba wanda yake shakka kamar yayarsa. Ya miƙe ya gaishe ta, idonsa na kan leda.

"Sannu da zuwa, Yaya. Mene ne a ciki?"

"Tsarabar yara ce. Matsa in wuce."

"Mai zaƙi ce?"

"Cakulan ne da biskit da lemon kwalba. Ina ruwanka?"

Nomau ya buɗe hannuwa ya cika ƙofa. Ya ce, "Yaya, ba za su shiga ba."

Wai! Lantana ta ce da wa Allah ya haɗa ta. "Ni za ka tsare a ƙofar gidan ubana? Ni da na goya ka?" Muryarta ta kai har makera. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, har da Ilu mai shayi da butarsa a hannu. Inna ta fito a ruɗe, ta ga abin da ke faruwa, ta ce ta shiga uku. Ga yara sun warke, ga wannan sakarai zai ɓata komai a bakin ƙofa.

Ta ce, "Nomau, ta birni ce fa! Ba ta hanya, na ce ka ba ta hanya!"

Nomau ya ce, "Inna, kin ce ko ke da bakinki."

Hawaye ya cika masa ido, don ya san in Yaya ta yi fushi ta kwashi yara, shi ke nan ba zai sake jin "Kawu zo mu yi wasa" ba. Amma bai motsa ba. Lantana ta ce, "To a fito mini da 'ya'yana, daga nan zan juya."

Ba a ma kira su ba, sun ji murya. Suka ratso ta ƙarƙashin hannun kawunsu a guje suna "Ga Mama! Ga Mama!" suka ƙanƙame ta. Lantana ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Ido garau, jiki a sake. Mudassir, wanda a birni sai an yi masa alkawarin biskit yake cin loma, ga shi da miyar kuka har gwiwar hannu, yana riƙe da guntun tuwo bai yarda ya ajiye ba. Walida ta washe baki tana nuna haƙora, ta ce, "Mama, duba, nawa ba za su zama na Mai Unguwa ba." Rumasa'u ta leƙa leda ta ce, "Laa, irin wanda kike sa mana a jaka kullum in za mu makaranta!" Mudassir ya leƙa shi ma, ya dubi Nomau ya ce, "Kawu, rijiya za a kai?"

Jama'a suka fashe da dariya, Ilu mai shayi har da zubar da shayi. Lantana ba ta yi dariya ba. Ta dubi ledar da ke hannunta, ta dubi katan, ta dubi Inna da ke tsaye tana murza bakin zane. Kunya ta rufe ta, muryarta ta yi ƙasa.

Ta ce, "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Inna, ki yafe mini. Ku sau biyu a shekara kuke ba su, ni kullum nake ba su, kuma na zo da faɗa."

Ta miƙa wa Ilu leda da katan ta ce ya zuba a teburinsa. Ta kakkaɓe hannu ta nuna wa Nomau tafin. Ya duba da kyau, ya duba jakar hannunta ma, sannan ya matsa. Tana wucewa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Share hawayenka, sarkin ƙofa. Da Babbar Sallah zan kawo maka su, har da dogon hutu. Ka jira mu a nan."

Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ta birni, kin manta da wa kike magana!"

Amma bakin alƙalami ya bushe. Yara suka tafi, Nomau bai je bayan rumbu ba wannan karon, zaure ya koma ya gyara tabarmarsa. Ya je gona ya dawo nan, ya je masallaci ya dawo nan, a nan ake kawo masa tuwo. Masu wucewa su ce, "Nomau, har yanzu?" Ya ce, "An ce in jira." Inna ta yi magana ta gaji, ta ƙyale shi. Wani lokacin ma sai ta ɗauko kujerarta ta zauna kusa da shi, su biyu suna kallon hanya.

Jajiberin Babbar Sallah babur ya tsaya, yara uku suka diro suna "Kawu! Kawu!" Lantana ta sauko a bayansu, tun daga nesa ta buɗe bakin leda ta ɗaga sama, ba komai ciki sai kuɓewa da wake da asuwaki. Nomau ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki Walida a wuya suka shiga gida.